MOTAR DA BA TA FAƊUWA

Shafi na 17

Masu cika min akwatin saƙo da "wai shiru haka?", to na ji, ga shi nan, a sassauta min. Ku kuma masu cewa na cika shagwaɓa Auta, ku karanta wannan ku faɗa min ko na raga mata.

*

Wallahi da Auta ta san abin da zuwan Yaya zai jawo, da tun daga ƙofar gida ta tare shi ta ce ba kowa a ciki.

Da la'asar ne. Baba na zaune a kujerarsa ta bakin ƙofar falo, babbar wayar nan mai faɗin littafi a kan cinyarsa, bakinsa har kunne. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana tuƙa babbar mota, tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya tashi da hannun dama mai rawa kamar ba nasa ba. Likitan da ke masa gashin ƙashi ya ba shi ƙwallon roba ya ce ya riƙa matsawa. Baba ya cilla ta bayan kujera ya ce shi ba yaron goye ba ne.

Shi ya sa Auta, da ke koyon haɗa gem da manhaja a wata cibiya, ta zauna ta haɗa masa nasa. Mota ce guda ɗaya ɗauke da buhuna, ana ganinta daga gefe tana tafiya daga hagu zuwa dama, ga tudu, ga ramuka, ga gadar katako a ƙarshe. Maɓalli biyu ne kawai a ƙasa, totur da birki. Danna, riƙe, saki. Abin da likita yake so yatsun su riƙa yi kenan, sai dai Baba bai san gashi ake masa ba, shi a wajensa tuƙi yake.

Yaya, babban wansu mai gyaran firji, ya shigo da sallama ya durƙusa ya gaishe shi. Kun dai san Yaya, mutumin kirki ne, amma bakinsa ba shi da sakata.

"Baba har yanzu ana kan hanya kenan?"

"Yanzu na sauke kaya," Baba ya ce yana gyara zama. "Ka ga gadar nan? Ba kowane direba ke haye ta ba. Da wannan hannun nake haye ta, wanda aka ce ya gama aiki."

"Haba Baba, wannan ai ko ido rufe sai in haye."

"Kai ɗin? Kai da ko keke sai ka shiga kwata da shi?"

Umma da ke ninke kaya a gefe ta yi dariya. Auta kuwa ba ta yi dariya ba. Ta miƙe da sauri.

"Yaya bar shi, cajin ya kusa ƙarewa."

"Ƙyale shi ya gwada," in ji Baba. "Karɓi. Rufe idon mu gani."

Yaya ya karɓa, ya runtse ido gam, ya shiga ƙwanƙwasa fuskar wayar da bayan yatsa kamar mai buga ƙofar maƙwabci. Ko inda maɓallan suke bai sani ba.

Mota ta tashi.

Ta hau tudu. Ta tsallake ramuka. Ta zo gada ta rage gudu da kanta, ta haye lafiya lau, ko buhu ɗaya bai faɗi ba. Tafin nan da Auta ta saka a ƙarshe ya cika falon.

Yaya ya buɗe ido yana ƙyalƙyala dariya.

"Ba na faɗa ba? Ashe ni ma direba ne ban sa..."

Ya haɗiye sauran. Sai a lokacin ya lura shi kaɗai ke dariya.

"Sake," Baba ya ce a hankali.

"Baba ai wasa nake..."

"Na ce ka sake. Wannan karon kar ka taɓa birki ko sau ɗaya."

Yaya ya sake. Ya danne totur tun daga farko har ƙarshe. Mota ta sake hayewa, tafi ya sake tashi. Auta ba ta taɓa tsanar wani sauti kamar tafin nan ba, ga shi ita ta zaɓo shi da hannunta.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Wa ke tuƙa motar nan?"

Ta durƙusa a gabansa, kanta a ƙasa.

"Baba, manhajar ce take lura da hannunka. In ta ga yana rawa sai ta faɗaɗa maɓallin don kar ka kuskure. In ka makara wajen taka birki sai ta..."

"Sai ta taka min."

"Baba taimako ne kawai..."

"Tambayarki na yi, sai ta taka min?"

"Eh, Baba."

Ya daɗe yana kallonta. Da faɗa ya yi mata da ta fi jin sauƙi, amma muryarsa ko ɗagawa ba ta yi ba.

"Na tara abokaina a ƙofar gidan nan. Na ce su zo su ga ikon Allah, hannu ya dawo. Mai shagon can har da tafa min. Ashe zaunar da ni kika yi kamar yaron da ake ɗora wa kan cinya a ba shi sitiyari ya riƙe, shi yana ta murna wai tuƙi yake."

"Wallahi Baba ba haka nake nufi ba."

"Gara ƙwallon roba. Ita dai ba ta yi min ƙarya ba."

Ya karɓi wayar daga hannun Yaya da hagu, ya ajiye mata a gabanta. Sannan ya kama hannun daman ya cusa shi cikin aljihun rigarsa, yadda yake yi a farkon ciwon in an yi baƙi. Ya dafa bango ya shige ɗaki.

Wannan cusa hannun ne ya karya mata zuciya. Ta fashe da kuka.

Yaya ya sosa ƙeya.

"Umma ni fa ban san..."

"Kai dai tashi ka ba mutane wuri," Umma ta ce. "Kullum bakinka ke riga hankalinka isowa."

*

Washegari Auta ta riga kowa zuwa cibiya, idanunta a kumbure. Ta zauna a gaban kwamfutarta ta can lungu, wadda fankarta ke ƙara kamar injin markaɗe, ta buɗe aikin ta zuba masa ido ba ta taɓa komai ba.

Malama ta shigo. 'Yar siririyar mace ce mai gilashi, wadda tun da aka fara karatu ba wanda ya taɓa jin ta ce "ka yi ƙoƙari". In ta ce "ba laifi", to ranar sai ka yi kyauta.

"Ke kuma wa ya rasu?"

Auta ta kwashe komai ta faɗa mata. Malama ba ta ce sannu ba, kujera kawai ta jawo.

"Buɗe min inda kika rubuta umarnin taimakon. Karanta."

"In hannu ya yi rawa, a ƙara taimako."

"Ci gaba."

"In ya kuskure maɓalli, a ƙara taimako. In mota ta kusa faɗuwa, a ƙara taimako."

"To ina layin da ke ragewa?"

Auta ta shiga jan rubutun sama da ƙasa kamar mai nema.

"Da ke nake. Tun makon da muka fara darasin nan me na ce muku? Manhaja mai lura da mutum dole ta san hawa ta san sauka. Ina saukar?"

"Na fara rubutawa, Malama."

"Sai aka yi yaya?"

"Ranar farko da na ba shi, motar ta faɗa ruwa. Na ga fuskarsa. Sai na koma na goge layin."

Malama ta cire gilashinta ta goge da gefen mayafi.

"Kenan yau in hannun babanki ya warke sarai, gem ɗinki ba zai sani ba. Shi ba zai sani ba, ke ma ba za ki sani ba. Garin neman gira kin tsone ido."

"Malama ya zan yi? Ya daina fito da hannun ma."

"Abu biyu. Ki mayar da layin nan, in hannu ya tsaya taimako ya ragu har ya ƙare. Na biyu, ki daina ɓoyewa. Duk lokacin da manhajar ke taimakonsa, ya gani da idonsa. Mutum ba ya jin haushin taimakon da ya san ana masa, wanda aka yi masa a bayan ido shi ne yake ɗauka raini."

"Sai in saka wani jan layi a sama, yana cika yana raguwa?"

"Babanki zai kalli jan layi?"

Auta ta girgiza kai. Baba ko agogon mai ba ya yarda da shi, ya ce kunne ya fi shi gaskiya.

"To ke kika san shi, ba ni ba," Malama ta ce tana miƙewa. "Ki nemo abin da zai kalla."

Auta ta daɗe tana juya biro a hannu. Can sai ta tuna Mai-Tumbi.

Mai-Tumbi shi ne yaron motar Baba shekara da shekaru, ko da yake sunan yaro kawai ya ci, don ya girmi Yaya nesa ba kusa ba. Ƙaton mutum mai son barci. Amma da mota ta tsaya a kan tudu, kafin ka ƙifta ido ya dira ya cusa wa taya weji, wannan guntun katakon da ke hana mota komawa baya. Baba bai taɓa jin kunyar wannan ba. Har yau in yana ba da labarin hanya sai ya ce, "Ni da Mai-Tumbi."

Ta jawo linzamin kwamfuta ta fara zane.

A nan fa ake yin ta, don Auta a rubuta umarni ba dama, amma a zane Allah bai ba ta ba. Wadda ke zaune kusa da ita ta leƙo ta ce, "Wannan randa ce kika yi wa ƙafa?"

"Mutum ne."

"Allah sarki. Allah Ya ba shi lafiya."

Auta ta yi dariyar farko tun jiya, ta ƙara wa randar hula.

*

Aikin ya ci mata 'yan kwanaki, don zane guda ba ya motsi. Sai ta zana shi yana rataye, ta zana shi yana dira, ta zana shi yana cusa weji, sannan ta jera hotunan su riƙa bin juna da sauri har ido ya ga kamar tafiya yake. A kwanakin nan Baba bai fito bakin ƙofa ba. Umma ta ce ko kofin shayi ya daina gwada ɗauka da dama.

Ranar da ta gama, ta dawo ta tarar da Yaya a tsakar gida yana ta kame-kame, ya zo ba da haƙuri an ƙi kula shi. Ta wuce shi ta shiga falo. Baba na kishingiɗe, hannu a aljihu.

Ta durƙusa.

"Baba na yi kuskure. Ka yafe min."

"Na yafe. Tashi ki je."

"Na gyara shi, Baba."

"Kai wa yara."

Umma ta ajiye tiren da ke hannunta da ɗan ƙarfi.

"Baban Auta, yarinyar nan ta ɓata, ta kuma dawo da gyara a hannunta. Kai duk yawon da ka yi ba ka taɓa ɓatan hanya ka juyo ba? Kalla dai. In bai yi maka ba ni da kaina zan ba ta ta fita da shi."

Baba ya yi tsaki, amma ya ɗan karkato ido. Auta ta yi maza ta kunna ta ɗaga masa.

Ya ƙura wa fuskar wayar ido. Girarsa ta haɗe.

"Wannan kuma mene ne a rataye a jikin motar?"

"Mai-Tumbi ne, Baba."

Gefen bakinsa ya motsa. Ya yi ƙoƙarin danne shi, ya kasa.

"Tumbin ya fi haka."

"Zan ƙara masa."

"Me yake yi a nan?"

Ta gyara durƙuso.

"Shi ne taimakon, Baba. Yanzu ba a ɓoye yake ba. Muddin kana ganinsa a jikin mota, to ana taimakonka. In ka makara a kan tudu za ka ga ya dira ya sa weji. Amma weji kawai zai sa, ba zai karɓi tuƙi ba. In manhajar ta ga hannunka ya tsaya, zai sauka ya bar ka. Daga nan kai kaɗai ne."

"In na yi ganganci fa?"

"Za ta faɗi."

"Za ta faɗi?"

"Wallahi za ta faɗi, Baba. Har cikin ruwa."

Ya dube ta, ya dubi Umma. Sai ya ɗaga murya.

"Kai! Mai firji! Shigo nan."

Yaya ya faɗo falon har yana tuntuɓe da takalmi.

"Ga ni Baba, don Allah ka yi haƙu..."

"Rufe ido ka tuƙa."

"Baba na tuba."

"Rufe, na ce."

Yaya ya runtse ido ya shiga ƙwanƙwasa. Mota ta zabura, ta yi tsalle a ramin farko, buhuna suka watse. Mai-Tumbi ya dira da wejinsa a guje, ina, kafin ya kai mota ta wuntsila ta faɗa ruwa, taya na juyawa a sama.

"Madalla!" in ji Baba, har da buga cinya. "Yanzu na ga mota. Ba ni nan."

Ya miƙo hagu. Auta ba ta saki wayar ba.

"Baba..."

Ya gane. Hannun dama take jira.

A hankali ya zaro hannun dama daga aljihu. Yana rawa, har ya fi na da, don kwanakin nan da ya yi a ɓoye ba su yi masa daɗi ba. Auta ta ɗora masa wayar a cinya ta ja da baya.

Ya danna totur. Mota ta tashi tana tangaɗi. A tsakiyar tudu yatsan ya zame, mota ta fara komawa baya. Randa mai hula ta dira, ta cusa weji.

"Yawwa," Baba ya ce. "Haka yake yi. Sai dai shi na gaske sai na yi masa tsawa tukun."

Ya sake tashi. Ya wuce tudu, ya zo ramuka, ya makara da birki. Mota ta kife.

Auta ta runtse ido. Abin da ta yi ta gudu kenan tun farko. Ta ji kamar ta fizge wayar ta mayar da komai yadda yake, ta damƙe bakin zaninta da hannu biyu don kar ta yi.

"Laifina ne," ta ji Baba ya ce. "Da gudu na shige shi. Ina ake dannawa a sake?"

Ta buɗe ido. Ba fuskar ranar farko ba ce. Haushi yake ji, irin haushin direban da ya san abin da ya yi ba daidai ba.

"Nan, Baba."

Ya sake. Ya faɗi. Ya sake. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, Umma ta miƙa hannu za ta goge ya kauce. Yaya ya buɗe baki zai ba da shawara, Umma ta watsa masa harara, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Sai ga wata tafiya ta zo daban.

Ya hau tudun nan bai zame ba. Ya zo ramuka, ya ɗaga yatsa daga totur, ya ɗora a birki, ya riƙe, ya saki. Rami na farko ya wuce. Na gaba ma haka. Auta ta daina kallon motar, yatsan take kallo. Yana rawa, amma yana sauka inda aka aike shi.

Maɓallan suka ɗan tsuke suka koma girmansu na gaskiya. Baba bai ma lura ba.

Can sai Mai-Tumbi ya saki jikin mota ya dira a gefen hanya. Ba weji a hannunsa. Ya cire hula yana ɗaga wa motar, tana nisa yana ƙara zama baya, har ya fice daga fuskar wayar.

"A'a," in ji Baba. "Ina kuma zai je?"

Auta ta matso kusa da shi. 

"Ba ni na sauke shi ba, Baba. Hannunka ne."

Baba bai ɗago ba. 

"Ki rantse."

"Wallahi tallahi, Baba. Kai kaɗai ne a motar nan."

Umma ta toshe baki da mayafi, hawaye na bin kuncinta. Yaya ya zame daga kujera ya dawo ƙasa bai sani ba.

Daga gefen dama, katakon farko na gadar ya leƙo. Ruwa na gudu a ƙarƙashinta.

Hannun hagun Baba ya taso da kansa zai kawo ɗauki, yadda ya saba. Baba ya dube shi, ya mayar da shi bayansa ya danne da jikin kujera.

Ya gyara zama, irin zaman da Auta ta sani tun tana ƙarama in zai tayar da mota da cikakken kaya.

"Kowa ya yi min shiru," ya ce. "Bismillahi."

Tayar gaba ta hau katako.